Sharhi: Ƙafar da ta karye a wasan bidiyo, yaushe ya kamata ta ɗoru?

A watan Disambar 2024 kamfanin The Indie Stone ya fitar da gwajin sabuwar sigar wasansa na Project Zomboid, wadda ake kira Build 42, kuma daga cikin abubuwan da ta zo da su har da tsamin jiki. Idan ɗan wasa ya daɗe yana kai sara da gatari, hannuwan mutumin da yake sarrafawa sukan yi tsami, ƙarfin dukansa ya ragu. Nan take masu wasan suka rabu gida biyu: wasu na cewa haka jikin ɗan Adam yake, wasu kuma na cewa ba su sayi wasa don su zauna jinya ba.

Muhawarar ta girmi wannan wasa. Tun da aka fara ƙera wasannin tsira da rai, inda ake jefa mutum cikin daji ko kufai ya nemi abinci da ruwa da mafaka, tambayar da ke addabar masu ƙira ita ce: nawa ne daga cikin wahalar rauni na gaskiya za a ɗora wa mai wasa kafin ya kashe kwamfutarsa?

Babu inda wannan tambaya ta fi fitowa fili kamar a tarihin DayZ. Wanda ya ƙirƙiro shi, Dean Hall, tsohon hafsan sojan New Zealand ne da ya sha baƙar wuya a wani horon zaman daji a Brunei, ya rame ƙwarai, har sai da aka yi masa tiyata. Abin da ya so ya kawo cikin wasan da ya fitar a 2012 shi ne fargabar da mutum ke ji idan ya san kuskure ɗaya na iya raba shi da komai. Don haka ya sa karaya a ciki. Wanda ƙafarsa ta karye ba ya iya miƙewa, sai jan ciki, a filin da ya kai murabba'in kilomita 225, kuma maganin da aka fi sani shi ne allurar mofin, wadda galibi sai a asibitocin cikin gari ake samu.

A takarda tsarin ya yi kyau. A aikace kuwa, kurakuran wasan sukan sa ƙofa ko tsani su karya wa mutum ƙafa ba tare da ya yi gangancin komai ba. Da yawa daga cikin masu wasan sai suka gano cewa ya fi sauƙi su bar mutumin nasu ya mutu su sake sabon lale, da su shafe sa'a guda suna rarrafe. Raunin da aka yi domin a ƙara wa rai daraja sai ya zama dalilin zubar da shi.

Kamfanin Bohemia Interactive na Jamhuriyar Cek, wanda ya mai da DayZ wasa mai zaman kansa, ya fitar da cikakkiyar sigarsa a Disambar 2018 babu karaya a ciki, kuma sai a Nuwambar 2020 ya dawo da ita. A wannan karon wanda ya karye yana iya ɗingishi, yana iya haɗa karan ɗori da 'yan sanduna da tsumma, ƙafar kuma ta warke ba a kai sa'a guda ba. Duk maɗorin da ya ji haka dariya zai yi, domin ƙashin ƙauri na babban mutum watanni yake ɗauka. Amma wannan sigar ce ta zauna, saboda ta bar wa mai wasa abin yi: ya ɓuya, ya nemi itace, ya yanke shawarar ko zai amince da baƙon da ya ce zai taimake shi.

A nan ne gizo ke saƙar. Abin da masu wasa ke ƙi ba tsanani ba ne. A Project Zomboid, idan gawa mai yawo ta ciji mutum to shi ke nan, cutar za ta kama shi ɗari bisa ɗari kuma babu magani. Yanka mai zurfi kashi 25 ne cikin 100, yagi kuma kashi 7. Hukunci ne mai zafi, amma ba kasafai ake kuka da shi ba, domin kowa ya san ƙa'idar tun daga farko, kuma wanda aka ciza yakan iya nuna daidai inda ya yi sakaci. Har ma kwanakin da suka rage masa sukan zama mafi armashi, yana tattara kayansa domin wanda zai gaje shi.

Kamfanin Hinterland na Kanada ya koyi wannan darasi da wasansa The Long Dark. Shekaru masu wasan suna ƙorafin cewa targaɗe na faɗo musu kamar daga sama yayin tafiya a kan dusar ƙanƙara. A 2019 aka sake tsarin: yanzu alama na bayyana idan mutum ya hau gangare mai haɗari, ya rage nasa ya ci gaba ko ya zagaya. Targaɗen na nan, amma an ƙara masa gargaɗi.

Akasin haka shi ne zazzaɓin cizon sauro na Far Cry 2, wanda Ubisoft ya fitar a 2008 kuma aka gina labarinsa a wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba. Jarumin yana ɗauke da cutar tun daga farko. Lokaci zuwa lokaci ganinsa ya dushe, ko da a tsakiyar musayar wuta ne, sai ya haɗiyi ƙwaya. Idan ta ƙare kuma ya tafi neman wata. Wasu masu sharhi har gobe suna yaba ƙarfin halin da aka yi, amma mai wasa ba shi da hanyar kauce wa cutar: babu gidan sauro, babu cikakken maganin da zai sha ya rabu da ita. Duk wanda ya taɓa kwanciya da zazzaɓin damina ya san wannan ba kamanninta ba ne. Agogo ne kawai aka saka wa sunan cuta.

Green Hell, na kamfanin Creepy Jar na Poland, ya bi ta wata hanyar: mai wasa da kansa yake duba hannuwa da ƙafafunsa a dajin Amazon, ya cire matsattsaku, ya sa tsutsa ta cinye ruɓaɓɓen nama. Jinyar ita ce wasan.

Matasan da ke buga PUBG Mobile da Free Fire a wayoyinsu a Kano ko Maraɗi suna can ɗaya ƙarshen igiyar, inda akwatin magani ke mai da lafiyar wanda aka harba cikin daƙiƙoƙi. Abin sha'awa, PUBG jikan DayZ ne, domin a kansa Brendan Greene ya fara gwada dabararsa a 2013. Da aka matse wasan zuwa zagayen kusan rabin sa'a, dole jinya ta fita, tunda ba wanda zai yi ɗori alhali fili na tsukewa.

Akwai kuma haɗarin da ke tattare da kamanta gaskiya: gwargwadon yadda wasa ya yi kama da zahiri, gwargwadon yadda za a iya ɗaukar darasinsa da gaske. Mofin ba ya haɗa ƙashi, raɗaɗi kawai yake kashewa. Shi ya sa The Long Dark ke buɗewa da gargaɗin cewa kada a ɗauke shi a matsayin horon zaman daji.

Game da tsamin jikin Project Zomboid kuwa, masu ƙirar sun bar wurin da mai wasa zai rage shi ko ya kashe shi gaba ɗaya. Hakan ya wadatar da wanda ke wasa shi kaɗai. Amma inda mutane da yawa ke haɗuwa ta intanet a fili ɗaya, mai masaukin ne ke saita wa kowa, kuma gardamar da aka yi da kamfani a can take komawa.