A Bar Wa Namun Daji Burtalinsu

Yanzu da ake maganar sake gina Khartoum da Omdurman bayan ɓarnar yaƙin da ya ɓarke a 2023, ya kamata masu tsara tituna su tuna da namun daji. Dajin gabaruwa na Sunut, masaukin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai, ya sha gatarin masu gawayi. A kewayen gandun Dindir, wanda aka kafa a 1935, gonakin tarakta sun cinye inda dabbobi ke fita da damina.

'Yan kasuwar iyaka na buƙatar titi, babu shakka. Amma dabba ma na buƙatar burtali. Hukuma ta shata shi kafin a zuba kwalta, ku kuma ku daina sayen gawayin gandun daji.