Mun Tanadi Inuwar Shanu, Ina Inuwar Tsofaffinmu?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar dabbobi ta Digel a nan Njamena cikin watan Afrilu, ko ya koro garke daga Masaget ko Durbali, ba sai an yi masa bayanin bazara ba. Ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 kusan kullum, ga guguwa mai ƙona fuska, ga kogin Shari ya ja da baya har yashi ya fito fili. A irin wannan lokaci kowane makiyayi ya san aikinsa: a fita kiwo da asuba, a shayar kafin rana ta take, a tsugunar da garke gindin bagaruwa, a ware maraƙi da tsohuwar saniya a ba su dusa. To, amma akwai wanda muke mantawa da shi, wato tsohon da ya tara mana garken.

Mun ga ya wajaba mu yi wannan magana ne domin abin da ya faru a shekarar 2024. A farkon Afrilun wannan shekara zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu cikin kwana huɗu kacal, alhali a Afrilun 2023 gaba ɗayansa mutum 130 aka ƙirga. Kusan rabin waɗanda suka rasu sun haura shekara 60. Abin ya haɗu da azumi da ɗaukewar lantarki. Watanni biyu bayan haka, a aikin Hajji, fiye da alhazai 1,300 suka riga mu gidan gaskiya cikin tsananin zafin Makka. Ranar da ke kan Bamako ita ce kan Njamena, kuma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Sau da yawa idan dattijo ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, sai mu ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, ajali na Allah ne, amma kowace mutuwa da sanadinta. Likitoci sun yi bayani cewa idan jiki ya yi zafi, hanyoyin jini na fata sukan buɗe, zuciya ta shiga tura jini waje domin ya huce. Zuciyar da take tura kamar lita 5 a minti guda idan mutum yana hutawa, sai ta nemi ninka wannan aiki. A lokaci guda gumi yana kwashe ruwa da gishirin jiki, mai aiki a rana yana iya zubar da lita guda ko fiye cikin awa ɗaya. Jini ya ragu, ya yi kauri, ga shi ana son a tura shi da sauri. Zuciyar saurayi takan jure. Ta ɗan shekara 70, musamman mai hawan jini ko ciwon sukari, kamar tsohon takarkari ce aka ɗora wa kayan bijimai biyu.

Bugu da ƙari, tsufa yana rage jin ƙishirwa, yana rage gumi. Tsoho yana iya bushewa bai sani ba. Sannan ga al'adarmu ta kunya da dauriya, wadda muke alfahari da ita. Arɗo ba zai buɗe baki gaban 'ya'yansa da surukansa ya ce jiri yake ji ba. Tsohon dillali ba zai bar ciniki ya koma inuwa ba, kada a ce ƙarfinsa ya ƙare, baƙinsa su koma hannun wani. Saboda haka idan muna jiran Baba ya roƙi ruwa, to za mu daɗe muna jira. Mu ne za mu kai masa.

Ga abin da muke ganin kowane gida da kowace ruga za su iya yi ba tare da kashe ko sefa ɗaya ba. A sa yaro guda wanda aikinsa shi ne miƙa wa tsoho ko tsohuwa ruwan randa a kai a kai, ko ba su tambaya ba. Fura da nono mai ruwa-ruwa da kunun tsamiya sun fi shayi mai kauri da muke kwana kai. Idan fitsari ya yi kaɗan, ya yi ja, jiki yana neman ruwa ke nan. Daga hantsi zuwa la'asar a fitar da su daga ɗakin kwano, domin ɗakin kwano tanda ne, a shimfiɗa musu tabarma a rumfar zana inda iska ke ratsawa, a jiƙa mayafi a ɗora musu a wuya da kafaɗa. Masu fanka su sani, idan zafin ɗaki ya wuce digiri 40, fanka kaɗai iska mai zafi take hurawa, sai an haɗa da jiƙa jiki. Da dare su kwana a tsakar gida cikin gidan sauro.

Mai shan maganin hawan jini, musamman irin mai sa yawan fitsari, kada ya daina da kansa, kada kuma ya ƙara. A kai shi wurin likita tun farkon bazara a duba shi. Wanda aka taɓa ce masa yana da ciwon zuciya ko na ƙoda, shi ma likita ne zai faɗa masa yawan ruwan da zai sha. Kanwa kuwa, wadda muke ba shanu kuma muke zubawa a kunu, 'yar'uwar gishiri ce, mai hawan jini ya yi nesa da ita. Batun azumi, malamanmu sun riga sun yi bayani cewa addini ya yi rangwame ga tsohon da ba ya iyawa da marar lafiya. A tambaye su, kada a bar dattijo ya halaka kansa don gudun surutun mutane.

Idan kuwa aka ga tsoho ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko yana dafe ƙirji yana haki, wannan ba lokacin turare da neman mai iskokai ba ne. A ja shi inuwa, a sassauta masa rawani da riga, a yi ta kwarara masa ruwa ana fifita, a nemi mota zuwa asibiti nan take. Wanda ya suma kada a ɗura masa ruwa a baki.

Wani zai ce ai kakanninmu sun yi kiwo cikin wannan rana ba abin da ya same su. Gaskiya ne sun yi. Amma a zamaninsu akwai itatuwa a burtali, akwai mashaya kusa, ɗakinsu na ciyawa ne. Yau an sare itatuwan an yi gawayi, gonaki sun cinye burtali, mashaya ta yi nisa, kuma masana yanayi sun tabbatar zafin kansa ƙaruwa yake yi. Wani kuma zai ce wa zai tsaya a kan ciniki in ba Baba ba? To, mu sake rabon aiki. Samari su ɗauki koren shanu, su ƙetare gadar Ngeli zuwa Kusuri, su bi hanyar Gamboru. Dattijo ya zauna a rumfa, a kawo masa magana ya yanke. Wayar hannu ma ta sauƙaƙa wannan.

A nan ne muke kira da babbar murya ga hukumomin da ke kula da kasuwannin dabbobi. Ƙidayar da aka kammala a 2015 ta nuna Cadi tana da dabbobi sama da miliyan 90, kuma bayan man fetur, dabba tana cikin manyan abubuwan da ƙasar nan take sayarwa waje. Kowace saniya da ta shiga kasuwa ana karɓar kuɗi a kanta. Ba alfarma muke roƙo ba idan muka ce a cire wani abu daga ciki a kafa rumfuna, a haƙa rijiyar burtsatse ta mutane dabam da kwamin shanu, a dasa darbejiya a kewaye, a ajiye malamin asibiti guda ranar kasuwa daga Maris zuwa faɗuwar damina. Sarakunan kasuwa da shugabannin dillalai kuma su zauna su yarda a fara ciniki da sassafe, a tsaya idan rana ta take, a dawo bayan la'asar. Saniyar ma ta fi kyan gani da sanyin safiya.

Kafin hukuma ta motsa, mu fara da namu. Kowane reshe ya yi karo-karo ya sayi randa biyu da zana, ya sa wanda zai riƙa cika su. Tsohon nan shi ya san rijiyar da ba ta ƙafewa, shi ya san iyakar burtali tun kafin a shata ta a takarda, shi ake kira idan rigima ta tashi da manoma. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya kai mu damina lafiya da mu da dukiyarmu, amin.