Tantin Turai da Bukkar Gida: Wanne Ya Dace da Zafin Ƙasarmu?

Duk wanda ya bi hanyar Talatar Mafara zuwa Bakura a lokacin rani, zai ga bukkokin kara da rumfunan zana a bakin gonakin da ke shan ruwan madatsar Bakolori, wadda aka kammala a kan gulbin Sakkwato a shekarar 1978. A cikinsu manomi kan fake wa rana, ya ajiye buhunan shinkafarsa. A gefe guda kuma, tantunan roba na ƙasashen waje sun shigo kasuwanninmu, har malaman gona da masu bincike da matafiya a mota suna sayensu don kwanan hanya. Ra'ayina shi ne, mafi yawan waɗannan tantuna an ɗinka su ne don ƙasashen sanyi, kuma mai son zaɓen tanti mai fili da daɗin zama a nan, to ya fara ɗaukar darasi daga bukka.

Bari mu fara da zafi. A watannin Afrilu da Mayu, zafin wannan yanki yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas. Jikin mutum kuwa, ko yana kwance, yana fitar da zafi kimanin wat 100, wato kamar tsohon ƙwan lantarki, ga kuma tururin numfashi da gumi. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka takan tashi sama. A cikin bukka, takan sulale ta tsakanin karare ta fice, sabuwa ta shigo ta ƙasa. A cikin tantin roba mai rufi ɗaya kuwa, ba ta da mafita. Shi ya sa da hantsi ya yi sai tantin ya koma tanda, da asuba kuma tururin ya zama raɓa yana ɗigo wa mai barci.

Makiyaya sun daɗe da warware wannan matsala. Buzayen tsaunukan Abzin, a arewacin Agadas, da tabarmin kaba suke yin tantunansu, na yankin Azawak kuma da fatun awaki, suna ɗage gefe idan ana son iska. Larabawan hamada kan saƙa nasu da gashin akuya: da rani saƙar takan bar iska ta ratsa, idan ruwa ya taɓa ta kuma zaren ya kumbura ya toshe ƙofofin. Abin lura a nan shi ne, dukkansu inuwa da iska suka sa a gaba.

Saboda haka, mai sayen tanti ya nemi abu uku. Na farko, rufi biyu: na ciki na raga ko yadin auduga, na waje mai hana ruwa, da tazara a tsakaninsu, domin iskar da ke wannan tazara ita ke rage zafin da zai iso ga mutum. Na biyu, tagogi masu fuskantar juna da kafar iska a can sama. Na uku, launi mai haske, tunda baƙin abu ya fi zuƙar hasken rana. Ga damina, akan rubuta ƙarfin yadi wajen hana ruwa da milimita a jikin jakar tanti, kuma milimita 1,500 zuwa sama yakan isa. Amma guguwar da ke gabatar ruwan farko a watan Yuni ta fi ruwan kansa ɓarna, don haka a duba ƙwarin turaku da igiyoyi, a kuma guji kafa tanti a kwari ko fadama.

Batun fili fa? Masu sayarwa kan rubuta "na mutum biyu", alhali suna nufin mutum biyu a kwance kafaɗa da kafaɗa, ba kaya, ba wurin salla. Ma'aunin da ya fi wannan amfani shi ne na kundin Sphere, wanda ƙungiyoyin agaji na duniya suka soma aikinsa a 1997. Ya tanadi aƙalla murabba'in mita 3.5 ga kowane mutum, da tsawon mita 2 a ƙololuwar rufi, ko mita 2.6 a ƙasashe masu zafi. Wanda zai yi tafiya shi kaɗai a mota, nauyi ba ya damunsa, sai ya ɗauki tantin da aka rubuta na mutum uku ko huɗu, wanda zai iya miƙewa tsaye a cikinsa.

Akwai haɗari biyu da ba a wasa da su. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro da dare yake cizo, kuma yana hayayyafa a inda ruwa ya kwanta, kamar gefen magudanan ban-ruwa. Tantin da ragarsa ta yage, ko wanda ba za a iya rataya gidan sauro mai magani a cikinsa ba, bai cika tanti ba. Sai kuma gawayi. A sanyin hunturu wasu kan shigo da kurfoti su zuge ƙofa. Gawayin da ke ci a wurin da iska ta yi ƙaranci yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kama jini fiye da iskar oksijin har kusan sau 200. Mutum kan yi barci ya zarce ke nan. Haka ma kwana cikin mota inji na aiki.

Wani zai ce bukka ba ta shiga bayan mota, tana saurin kama wuta, kuma leda ta fi araha. Gaskiya ne, shi ya sa ban ce a yar da tanti ba. Abin da nake cewa a auna shi da ma'aunin bukka. Ko tamfol ne kaɗai a hannu, shimfiɗa zana a samansa da 'yar tazara yakan rage zafi ƙwarai.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiyar halin tsaro. A 2021 an sace ɗalibai mata a Jangebe, an kuma kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Kwanan daji mutum shi kaɗai a wannan yanki ganganci ne. Mai tanti ya kafa shi a cikin gari, da sanin mai gari. Wannan rikici ya raba dubban iyalai da gidajensu, da yawa suna ƙarƙashin leda da tamfol, kuma su ne suka fi kowa bukatar wannan ilimi.

Ga malamanmu na kimiyya, ga gwaji mai sauƙi. A kafa 'yan rumfuna uku a filin makaranta: ta baƙar leda, ta farin yadi, da ta zana. A sa ma'aunin zafi a kowace, ɗalibai su riƙa rubuta abin da suka gani kowace awa daga safe zuwa la'asar. Sannan a aza zana a kan ta leda, a sake aunawa. Sakamakon da suka samu su kai shi gida, su kuma nuna wa masu rabon kayan agaji a garinsu.