Kyanwa Mai Rauni a Baleyara: Suna da Yawa, Gata Kaɗan

Duk ranar Lahadi kasuwar Baleyara, a kan hanyar Yamai zuwa Filinge, takan cika da Zabarmawa da Kurfayawa da Buzaye da Fulani. Raƙumi da sa da rago kowanne na da mai shi, in ya yi ɗingishi a nema masa magani, domin kuɗi ne. Amma kyanwar da amalanke ya take a bayan rumfar mahauta ba ta da mai ita, don haka babu mai waiwayarta. Wannan sakaci bai dace ba, kuma harshe kansa shaida ne.

Bahaushe na kiranta kyanwa, mage, mussa ko kule, namijin kuwa muzuru. Bazabarme na cewa maaje ko muusu, har zaki ma muusu beeri yake ce masa, wato babbar mussa. Kamancin mage da maaje, da na mussa da muusu, abin nazari ne ga mai binciken cuɗanyar harsuna a Dallol Boso, inda Kurfayanci ke gogayya da Zabarmanci. Dabbar da ta sami sunaye haka ba baƙuwa ba ce, ta daɗe tana tsaron rumbun hatsi daga ɓera.

Sai dai adon magana bai yi mata adalci ba. An yi mata kirari da mai kwanciyar ɗaukar rai, an haɗa muzuru da shaho wajen ɓarnar kaji, rago kuma an ce da shi kyanwar Lami. Camfi ya ƙara da cewa baƙar kyanwa aljana ce ko mayya. Yaron da ya tashi da irin wannan magana, dutse zai fara ɗauka in ya gan ta kwance. Addini kuwa ya koyar da akasin haka: Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba don ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu, kuma sahabi Abu Huraira ya sami laƙabinsa ne daga ƴar kyanwar da yake reno.

Wani zai ce jihar Tilaberi na fama da rashin tsaro da tsadar abinci, ina ake ta kyanwa? Gaskiya ne mutum ne gaba. Amma ceton kyanwa ba ya rage tuwon kowa. Tsumma mai kauri ake lulluɓa mata don kada ta yi yakushi, a sa ta cikin kwali a inuwa, a wanke raunin da tafasasshen ruwa da ya huce da ɗan gishiri, a ba ta ruwa da guntun nama. Kada a ba ta farasitamol, domin guba ne gare ta. In akwai karaya, a nemi ma'aikacin kiwo. In ta ciji mutum, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, sannan a garzaya asibiti, saboda ciwon haukan kare kan kama kyanwa ma.

Ɗaliban ilimin harsuna na da rawar takawa. Mai zuwa ƙasar Kurfai tattara kalmomi ya tambayi dattawa sunayen kyanwa da karin maganarta da tatsuniyoyinta, ya rubuta su yadda aka furta. Mai shirya littafin yara kuma ya zaɓi labarin da zai sa yaro ya ajiye dutse ya ɗauko ƙwarya da ruwa. Harshen da ya raɗa mata suna har huɗu bai kamata ya rasa kalmar tausayi gare ta ba.