Kayan Rage Ƙiba: 'Yan Kasuwa Mu Ji Tsoron Allah

Duk wanda ya zaga kasuwar Asigame a nan Lome, ko ya leƙa shagunan Zango, zai ga yadda kayan rage ƙiba suka samu shiga: shayin rage tumbi, man shafawa da ɗamarar roba ta matse ciki. Kwali-kwali muke sara, mu kai Aflawo da Sinkase, har Maraɗi da Kano. Ciniki na tafiya, amma shin mun san abin da muke sayar wa jama'a?

Ɗamarar nan gumi kawai take fitarwa, da an sha ruwa nauyi ya dawo. Man shafawa ba ya narkar da kitse. Shayin kuwa, da yawansa dangin filasko ne, gudawa yake sawa, mace ta rame ta ɗauka magani ne ke aiki. Mafi muni, hukumomin lafiya na ƙasashe da dama sun sha gano sinadarin sibutramine a ɓoye cikin irin wannan shayi da kofi, alhali tun 2010 Turai da Amurka suka janye shi daga kasuwa saboda haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki. To, ina ga mai hawan jini da ta saya a hannunmu?

Ko na'urar CoolSculpting mai daskarar da kitse, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2010, kitsen wurin da aka ɗora ta kaɗai take ragewa. A 2021 fitacciyar mai tallan kayan ƙawa, Linda Evangelista, ta kai kamfanin ƙara, ta ce kitsenta ƙaruwa ya yi. Idan na asibiti ya zo da haka, me za a ce da kwalin da ba a san inda ya fito ba?

A nan Lome, a Janairun 2020, wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Togo, Nijar da Gana, suka ƙulla alkawarin yaƙar jabun magunguna. Kada mu jira sai jami'ai sun kwashe mana kaya. Muna kira ga sarakunan Zango da shugabannin kasuwa su sa ido. Kwalin da ba shi da lambar rajista, ko jerin abin da ke ciki, ko ranar lalacewa, mu bar wa dila kayansa. Mai saye kuma mu gaya mata gaskiya: ta rage mai da sukari, ta riƙa tafiyar ƙafa, ta ga likita.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma amana ita ce jarin Bahaushe a baƙuwar ƙasa. Allah ya ba mu kasuwa ta halal.