Wasiƙa Daga Hor Al Anz Zuwa Ga Masu Farfaɗo Da Fadamu

'Yan'uwa masu ƙidayar tsirrai da gyaran fadamun Haɗeja da Nguru.

Ina rubuto muku ne daga unguwar Hor Al Anz da ke Deira a Dubai. Ba nisa da nan, a ƙarshen mashigin tekun da ya ratsa birnin, akwai gandun Ras Al Khor, wanda aka keɓe tun 1985, ya kuma shiga jerin fadamun Ramsar a 2007, shekara bakwai bayan namu na Nguru. A farkon shekarun 1990 aka dasa masa itacen ruwan gishiri da Larabawa ke kira ƙurm. Ya kama, ya yi kyau. Sai dai duk inda ya mamaye, filin taɓon da tsuntsaye masu ƙaura ke kiwo ya ragu. Kore ba shi ne lafiyar fadama ba, kuma ku kun fi kowa sanin haka, tunda ciyawar kachalla ma kore ce.

Shawarata ita ce ku fara da ruwa kafin dashe. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ruwan da a da kan cika da damina ya janye da rani ya koma kwanciya shekara cur a wasu wuraren. Abin da kachalla ke so ke nan. Ta toshe magudanai, ta hana masunta wucewa, ta ba tsuntsun jan-baki mafaka yana cinye shinkafar manoma. Ko kun yanke ta a ƙarƙashin ruwa don ta nutse, muddin ruwan bai janye ba, za ta dawo.

Don haka kowane fili kuka auna, ku rubuta zurfin ruwansa da watannin da yake kwana. Ku kafa turaku, ku koma wuri ɗaya da kaka da kuma bazara. Ƙidayar zuwa ɗaya rahoton ofis ce kawai. Ku tafi da tsohon masunci ko makiyayi, ya nuna muku inda burugu da bado suke a da, da iyakar da giyayya ta tsaya. Sunan Latin na kowane tsiro ya shiga littafi, amma na gida ya zauna kusa da shi, domin da shi za ku yi magana da mai unguwa ranar da za a fita aikin gayya.

Wassalam,
ɗan'uwanku a Hor Al Anz.