Ɗanki Na Son Hawan Falwaya? Ki Tambayi Ƙofar Da Zai Shiga

 

Saƙon wannan mako wata uwa ce ta aiko daga yankin Bakori. Ɗanta ya gama sakandare shekara biyu ke nan, yana taya mahaifinsa noma, amma hankalinsa na kan aikin wuta. Akwai wani mai gyaran wuta a garinsu da ya ce zai ɗauke shi ya riƙa riƙe masa tsani, in hannunsa ya faɗa sai ya fara hawa da kansa. Uban ya amince, ita kuwa barci ya gagare ta. Ta ce, “Sista, in hana shi ne ko in sa masa albarka?”

Mama, ki sa masa albarka a kan sana'ar, amma ban da wannan tsanin.

Sana'ar kanta ba abin rainawa ba ce. Daga Funtua zuwa Malumfashi, daga Danja zuwa Dandume, duk abin da muka noma sai ya bi ta kan inji kafin ya zama kuɗi ko tuwo. Mai injin niƙa, mai gyaran shinkafa, mai walda da ke gyara garma, mai sayar da ƙanƙara, kowa idonsa na kan waya. Mu ma'aikatan jinya mun fi kowa sanin abin da ɗaukewar wuta ke nufi: firjin allurar rigakafi ya fara ɗumi, na'urar iskar numfashi ta tsaya, a karɓi haihuwa da fitilar waya. Guguwar farkon damina kan kwantar da turaku a jere, kuma ba wanda zai tashe su sai wannan mutum mai hular kwano. Aiki ne da ba zai ƙare ba a zamaninmu.

Matsalar ita ce aikin yana da ƙofa biyu, kuma wadda ta fi kusa da gida ita ce mai kashe mutane.

Kowace unguwa tana da mutumin da ake kira in fis ɗin taransifoma ya ƙone ko waya ta tsinke. Wasu na ce musu NEPA 2. Ana haɗa masa kuɗi gida-gida, ya zo da filaya da silifas, ya hau, ya gyara, yara su yi ihun an kawo wuta. Ba na zargin waɗannan bayin Allah da mugunta. Jama'a ce ta gaji da jiran ma'aikata, su kuma suna neman abin sawa a bakin salati. Sai dai mutumin nan ba shi da ikon sa a kashe layi. Bai san lokacin da za a dawo da wuta ba, lissafinsa kawai shi ne “sun ɗauke tun safe, ba za su kawo yanzu ba.” Taɓa layin kamfani ba da izini ba laifi ne a doka, don haka ranar da tsautsayi ya faɗa ba diyya, ba mai biyan kuɗin asibiti, wani lokaci ma 'yan uwa ɓoye gaskiyar abin da ya faru suke yi. Yaron da ya koya a hannunsa zai gaji ƙarfin halinsa, ya kuma gaji duk gangancinsa.

Bari in ɗan tsaya a kan abin da wuta ke yi wa jiki, don nan ne fagena.

Wutar da ke shiga gidajenmu tana kusan bolt 230. Wayoyi huɗun da ke bin titin unguwa suna ɗauke da 415. Sama da su akwai babban layi mai 11,000 ko 33,000. A Funtua akwai tashar kamfanin TCN da ke karɓar bolt 132,000 ta layin Zariya, ta rage shi zuwa 33,000 ta raba wa garuruwan kewaye. Mutane kan ɗauka babban layi ne kawai abin tsoro. Ina! Wutar da tsohon ƙwai mai wat 60 ke ja ta ninka abin da zai iya hargitsa bugun zuciya in ta ratsa ƙirji. Ƙaramin layi yana sa tsokar hannu ta ƙanƙame, mutum ya kasa sakin wayar ko da yana so. Babban layi kuwa ba ya jiran a taɓa shi, in an matso sosai tsalle yake yi ta cikin iska.

Wanda babban layi ya ja ya rayu, rauninsa yana yaudarar ido. Za a ga ɗan tabo a tafin hannu inda wuta ta shiga, wani a ƙafa inda ta fita, dangi su ce Alhamdulillahi abin ya zo da sauƙi. Alhali a ciki tsoka ta dahu, tun daga kusa da ƙashi. Bayan sa'o'i hannu ya kumbura ya yi tauri, jini ya daina kaiwa yatsu. Fitsari ya koma kalar shayin da ba madara, saboda matacciyar tsoka tana sakin wani sinadari da ke toshe ƙoda. Shi ya sa muke ɗura ruwa leda bayan leda muna auna fitsari kowace awa, shi ya sa ake tura irin waɗannan majinyata Shika ko Dala. Da yawa sukan tsira da rai su rasa hannu. Ga kuma faɗowa: wani jan wutar bai kai ya kashe ba, amma ya wurgo mutum daga saman turke, ƙashin baya ya karye. Saurayi ɗan shekara 22 da ba ya iya juyawa a gado sai an juya shi, na ga irinsa, kuma uwarsa ce ke juya shi.

Akwai wani haɗari da mu kanmu muke jawo wa masu hawa daga cikin gidajenmu. Idan aka jona janareta da wayoyin gida ba tare da makunnin da ke raba gidan da layin waje ba, wutar janareta tana fita ta bi waya ta koma titi. In ta isa taransifoma, sai ya yi aikinsa a juye, ya ɗaga ta zuwa dubban bolt. Ma'aikaci yana sama, an tabbatar masa an kashe layi daga tasha, sai wani mai shagon caji ya ja igiyar janareta. Yanzu da sola da inbata suka yawaita, wanda aka haɗa ba bisa ƙa'ida ba shi ma yana iya yin haka. 'Yan uwa mata, ku tambayi maigida yadda aka haɗa naku.

Abin da ake koya wa ma'aikacin gaske ke nan, kuma shi ne bambancin ƙofofin biyu. Ba ya hawa sai an ba shi takardar izinin aiki. A kashe layin, a kulle wurin kashewar yadda wani ba zai mayar ba, ya gwada da na'ura ya ga babu wuta, sannan ya ɗaure wayoyin da juna ya haɗa su da ƙasa a gabansa da bayansa. Wannan ɗaurin na ƙarshe shi ke ceton rai, domin ko an yi kuskuren kawo wuta, ko janaretan wani ya turo, ƙasa za ta shanye. Yana duba gindin turken katako ko gara ta ci shi. Yana ɗaure kansa da bel kafin ya saki hannu. Safar hannunsa ta roba tana da mataki: akwai ta bolt 1,000, akwai ta 17,000, akwai ta 36,000, kuma kafin ya sa sai ya hura mata iska ya ji ko ta huje. Safar da ake sayarwa a kasuwa don aikin gini ba ta cikin wannan lissafi.

To ina ƙofar? Yaron da bai wuce shekarun makaranta ba, kwalejin fasaha ta gwamnati da ke Funtua da irinta suna koyar da aikin lantarki, a fita da takardar NABTEB. Wanda ya gama sakandare kamar ɗan wannan baiwar Allah, in sakamakonsa ya yi kyau ya nemi difloma a fannin lantarki a Kwalejin Hassan Usman da ke Katsina, ko Nuhu Bamalli a Zariya, ko ta Kaduna. In boko bai ja shi ba, ya koyi wayarin gida a hannun mai lasisi, ya zauna jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda ake hawa daga mataki na uku zuwa na ɗaya. Wayarin gida da aikin layi ba ɗaya ba ne, amma tushen nan ne. Aikin layi kansa akwai cibiyar da gwamnati ta kafa dominsa a 2009, wato NAPTIN, tana da wuraren horo a Kaduna da Kano. Hukumar NEMSA kuma ita ke tantance masu aikin haɗa lantarki ta ba su shaida. Duk wannan yana cin lokaci da kuɗi, na sani. Buhunan masara kaɗan ne a kan kuɗin jinyar ƙuna ta wata uku.

Sai neman aiki. Har yau NEPA muke cewa, ko da yake NEPA ɗin da aka kafa a 1972 ta koma PHCN a 2005, aka kuma miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa ranar 1 ga Nuwamba, 2013. Mu nan Katsina, tare da Kano da Jigawa, muna ƙarƙashin KEDCO. Ban da shi akwai TCN mai manyan layuka, akwai 'yan kwangilar da ke kafa turaku a karkara, akwai kamfanonin sola da ke jan waya a ƙauyuka. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo wa yaro takardar ɗaukar aiki, a riƙe aljihu.

Ranar da aka ce an ɗauke shi, murna kada ta hana tambaya. Ma'aikacin dindindin ne ko na wucin gadi? Sunan wa ke kan takardar, kamfanin ko ɗan kwangila? Wa zai ba shi kayan kariya? Akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni ko iyalan wanda ya rasu a bakin aiki. A tambaya ko an yi masa rajista. Uba ne ya kamata ya yi wannan tambayar, ido da ido, kuma ba rashin tawakkali ba ne.

Kada in ɓoye sauran wahalar. Layukan da suka ratsa dajin Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara suna bi ta inda kowa ya san halin tsaro. Lokacin da turaku suka fi faɗuwa shi ne lokacin shuka, don haka uban kada ya sa rai da hannun ɗansa a gona a watan Yuni. Ga fushin jama'a: wanda aka tura yanke wuta shi ke shan zagi, wani lokaci har da jifa, alhali ba shi ya rubuta bil ba. Yaron da ke da saurin hannu ko mai son a yabe shi da jarumta, wannan aiki bai dace da shi ba. Mai shan ƙwaya don ya ji ƙarfi kuwa, ko tsanin kada a bar shi ya riƙe. Wanda ke da farfaɗiya ko yawan jiri, a ga likita tukuna.

Abu ɗaya nake roƙon duk mai shiga wannan sana'a, da matarsa da ƙannensa, su koya: abin da za a yi a mintunan farko. In wutar gida ce ta kama mutum, a kashe daga makunni, in bai yiwu ba a ture shi da busasshiyar sanda, kada a kama shi da hannu. In babban layi ne ya faɗo, sanda ba ta aiki, ƙasar wurin ma tana ɗauke da wuta, a tsaya nesa kamar taku goma sha biyar a kira a kashe layin. Wanda ya faɗo daga sama kada a ciccibe shi kamar buhu, a kwantar da shi a kan allo wuyansa a miƙe. In ba ya numfashi, ba madara ko manja zai ba, ba binne shi cikin yashi ba, duk ɓata lokaci ne. Ƙwaƙwalwa tana fara mutuwa cikin minti 4 zuwa 6. A ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar juna, har a cikin mota. Wanda kuma ya farfaɗo ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti duk da haka, a duba zuciyarsa, a ga kalar fitsarinsa.